Aikido ko Judo: Wanne Ya Dace da Mai Neman Kare Kai?

Malam, ka ce shekarunka sun haura arba'in, kana son koyon hanyar kare kai wadda ba ta dogara da naushi ba, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin aikido da judo. Dukansu daga Japan suke, kuma tushensu ɗaya ne, wato tsohuwar dabarar faɗa ta jujutsu, amma kowacce da inda ta dosa.

Judo ce ta riga zuwa. Jigoro Kano ya buɗe makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, ya ware kamu masu haɗari daga atisayen yau da kullum domin mutum biyu su iya gwabzawa da iyakar ƙarfinsu ba tare da sun nakasa juna ba. Wannan gwabzawa, da suke kira randori, ita ce ƙarfin judo, domin kullum kana gwada dabararka a jikin wanda ya ƙi faɗuwa. Judo ta shiga gasar Olamfik a 1964, kuma wanda ya san kokawar gargajiya ba zai ji baƙonta ba, sai dai gwiwa da kafaɗa suna shan wahala, musamman ga wanda ya fara da girma.

Aikido kuwa Morihei Ueshiba ne ya kafa ta. An haife shi a 1883, ya rasu a 1969, ya koyi salon jujutsu da ake kira Daito-ryu a wurin malaminsa Takeda Sokaku, daga baya kuma addinin Omoto ya sauya masa tunani har ya tsaya a kan cewa mutum ya kare kansa ba tare da ya illata wanda ya kawo masa farmaki ba. Shi ya sa babu gasa a mafi yawan makarantunta. Idan aka cafke maka wuyan hannu, ba fizgewa za ka yi ba. Za ka kauce daga gabansa, ka juya ka koma gefensa, ƙarfin da ya zo da shi ya ja shi gaba, sannan ka murɗa hannunsa a hankali har ya kwanta rubda ciki, ka riƙe shi har ya buga tabarma alamar ya sallama. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda maimaita wannan yake koya wa jiki kada ya sandare idan an taɓa shi, kuma yake sanyaya zuciyar mai saurin fushi.

Amma gaskiya ɗaya ce: a yawancin atisayen aikido abokinka yana ba ka haɗin kai, alhali mai neman ka da faɗa ba zai yi haka ba. Kenji Tomiki, wanda ya yi karatu a wurin Kano da Ueshiba duka, ya ga wannan giɓi, shi ya sa ya shigar da gasa cikin nasa salon.

Dukansu suna fara koya maka faɗuwa, wato ukemi: ka sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ka mirgina, kada ƙeya ta bugi ƙasa. Wannan kaɗai yana da amfani ga mai hawa babur.

Da shekarunka da abin da ka ce kana nema, aikido nake ba ka shawara, da sharaɗin ka fara zuwa ka kalli darasi guda, ka ga ko malamin yana barin manyan ɗalibai su turje wa juna. Idan ba ya bari, kuma jikinka yana da sauran ƙwari, to ka nemi judo.