Shekara guda da gilashin Nikon 200-500mm, da abin da talikonbata ta koya mini

Da ƙaramin gilashi mai milimita 70-300 na fara ɗaukar hoton tsuntsaye, a kan kyamarata Nikon D7200. Kurciya da hasbiya a kan katangar gida ba su ba ni wahala ba. Sai ranar da na je Dagona, cikin fadamar Haɗeja-Nguru, na hango garken kirinjijiya can tsakiyar ruwa. Na danna, na duba, sai ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a faifai. Daga nan na fara tara kuɗi, har na sayi AF-S 200-500mm f/5.6E, na hannu amma mai tsafta.

Gilashin nan ya fito ne a 2015, kuma har yau ina ganin da wuya sabon shiga ya sami wanda ya fi shi a farashinsa. A kan kyamara irin tawa, mai ƙaramin sansa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), milimita 500 na ba da abin da 750 zai bayar a kan babbar kyamara. Ƙofar haskensa tana tsaye a f/5.6 daga farkon zuƙowa har ƙarshe. Na'urar rage rawar hannu da ke ciki kuwa ta gamsar da ni ƙwarai. Wata safiya bayan asuba na ɗauki zalɓe yana tsaye cak a bakin ruwa, ba tare da na jingina da komai ba. Da na buɗe hoton a kwamfuta, ga ɗigon ruwa a bakinsa, ga gashin wuyansa sili-sili. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Nauyinsa ya kai kilo 2.3. Awa biyu a hannu, kafaɗa za ta fara magana, don haka na haɗa da sanda mai ƙafa ɗaya. Mai sayen na hannu kuma ya kula da harafin E ɗin nan: tsofaffin kyamarori irin D90 da D3000 ba sa iya sarrafa ƙofar haskensa.

Wata shida da saye, kwaɗayin ƙarin nisa ya sa na ƙara da talikonbata mai 1.4x, ɗan gilashin da ake sakawa tsakanin kyamara da babban gilashi. Lissafinta mai daɗi ne: 500 ya koma 700. Amma kowace iri ka saya, rabin haske take ci, f/5.6 ya zama f/8. A nan, cikin ɗigogin da D7200 take saita fokas (kaifin hoto) da su, na tsakiya kawai take iya aiki da shi sosai, kuma saitin yakan yi jinkiri. Tsuntsu a sama yana buƙatar saurin shata, wato buɗewa da rufewar kyamara, na 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, ga haske ya ragu, dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, hoto ya fara yashi-yashi. Mai 2x kuwa f/11 za ta kai ka, ban ma gwada ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne iskar ƙasarmu. Lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a fadama shi ne lokacin hunturu, hazo ya rufe sararin sama. Rana na ɗagawa kuma kawalwalniya ta fara rawa a kan ruwa. Talikonbata ba tsuntsu kaɗai take jawowa ba, har da ƙurar da ke tsakaninku. Na sha kwatanta hotuna biyu, ɗaya da ita, ɗaya babu ita na yanko shi a kwamfuta, sau da yawa na biyun ya fi kaifi.

Tana da ranarta. Da damina, bayan ruwa ya wanke sama, na ɗauki shamuwa zaune a sheƙarta a kan kuka, kusa, haske ya wadata, hoton ya fito tas. Irin wannan ce kaɗai nake ciro ta daga jaka.

Wanda zai fara, ya zuba kuɗinsa a gilashi. Idan nauyi ya dame shi, Sigma 150-600mm Contemporary bai kai kilo 2 ba, sai dai f/6.3 ne a ƙarshensa. Kuɗin talikonbata kuwa, da zan sake, mai kwalekwale zan ba ya shiga da ni cikin kacalla tun kafin rana ta fito, inda kirinjijiya ke kwana.