Oba-obar Baofeng BF-888S a hannun manajan dandamali

Rabin aikin manajan dandamali magana ce. Shi ke riƙe da kundin wasa, wato rubutun wasan da aka bi layi-layi aka sa lamba a duk inda fitila za ta canja, ko sauti zai shigo, ko za a ja labule. Da zarar 'yan kallo sun zauna, darakta ya gama nasa, ragama ta dawo hannun manaja. Sai dai mutanen da yake ba umarni ba a kusa da shi suke ba. Mai fitila yana can bayan 'yan kallo, mai sauti yana gefe, masu shiga da kaya suna hagu da dama cikin duhu, mai janareta kuwa yana waje bayan katanga don kada ƙugin inji ya danne muryar 'yan wasa.

A manyan gidajen wasa na ƙasashen waje akwai layin magana na musamman irin na Clear-Com, wanda kowa ke sanye da abin kunne, ana magana ana ji a lokaci guda kamar a waya. Galibin wuraren da ake wasa a Sakkwato ba don wasan kwaikwayo aka gina su ba. Zauren lacca ne, ko zauren taron makaranta, ko fili da aka kafa wa rumfa don wasan faɗakarwa. A irin waɗannan wurare abin da ke cike gurbin shi ne oba-oba, kuma wadda aka fi cin karo da ita a hannun masu gadi, masu shirya biki da ƙungiyoyin wasa ita ce Baofeng BF-888S, ƙirar Sin. Ta cancanci kuɗinta, amma sai an san halinta, domin akwai aikin da in aka ɗora mata za ta ba da kunya a gaban jama'a.

Ƙaramar aba ce baƙa, ba allo, ba lambobin dannawa. A samanta akwai eriya mai murɗawa, da abin juyawa guda biyu: ɗaya na kunnawa da ƙara murya, ɗaya na zaɓen tasha daga 1 zuwa 16. A gefe akwai babban maɓallin magana da ƙanana biyu a ƙasansa, ɗaya daga ciki na kunna 'yar tocila. Tana aiki a zangon rediyo na UHF, daga 400 zuwa 470 MHz, batirinta na litiyom ne mai 3.7 V, wanda aka saba rubuta wa 1500 mAh. Kwalin kan zo da mazaunin caji, da maƙalin ɗamara, da abin kunne. Rashin allon nan alheri ne ga manaja. 'Yar'uwarta UV-5R tana da allo da madannai, kuma ɗalibin da aka ba wa ya riƙe a bayan labule zai iya latsa wani abu bisa kuskure ya ɓace daga layi ba tare da ya sani ba. Wannan kuwa, cikin minti biyu an koya wa mutum: juya nan, danna nan, saki ka saurara.

Maganar nisa ba abin damuwa ba ce. Kilomitocin da ake rubutawa a kwali na fili ne fetal da babu gini, kuma ƙarfin da take fitarwa a zahiri bai kai wanda 'yan talla ke faɗi ba. Amma manajan dandamali ba kilomita yake nema ba. Daga bayan dandamali zuwa ƙarshen zaure, zuwa ƙofar shiga, zuwa wurin janareta, tana kaiwa sarai ko da akwai bangon bulo biyu ko uku a tsakani.

Babban aibinta a wannan aiki shi ne mutum ɗaya kaɗai ke iya magana a lokaci guda, kuma wanda ya danna maɓalli ba ya jin kowa har sai ya saki. Ga yadda hakan ke ɓata wasa. Manaja ya ce, "Fitila 14, a shirya." Mai fitila ya amsa, "Fitila a shirye." Daidai lokacin da ɗan wasa ya kai kalmar da za a kashe wuta a kanta, manaja ya danna zai ce "Fitila 14, tahi," sai wani daga gefen dama ya riga shi dannawa yana tambayar ina tabarmar fitowa ta uku. Muryoyin biyu suka haɗu, mai fitila ya ji ƙara kawai, ɗan wasa ya tsaya cikin haske yana jiran duhun da bai zo ba. Manajan ma ba zai san saƙonsa bai isa ba, tunda shi ma kurma ne a lokacin da yake magana.

Maganin wannan doka ce, kuma a ranar gwajin farko ake kafa ta: daga lokacin da aka ji "a shirya" har zuwa lokacin da aka ji "tahi", ba mai taɓa maɓalli sai mai amsawa, sai kuwa in gobara ce ko wani ya ji rauni. Kalmar "tahi" kuma a ƙarshen jimla take zuwa, kuma ba a furta ta a layin don wani dalili daban. In ana son a ce wa yaro ya je ya kira ɗan wasa, a ce "je ka". A kan layi ana ajiye dogayen gaisuwa. Ko da mai sauti dattijo ne da ake ce wa Malam ko Baba a waje, a layi sunansa "Sauti", kuma ya kamata manaja ya yi masa wannan bayani tun kafin a fara, cikin ladabi, don kada ya ɗauka raini ne.

Aibi na biyu ƙarami ne amma yana cin mutane kullum. Tsakanin danna maɓalli da buɗewar oba-obar mai saurare akwai ɗan jinkiri, don haka gaɓar farko ta magana takan yanke. Wanda ya danna ya ce "tahi" nan take, abin da zai isa kunnen mai fitila shi ne "hi", ko ma babu komai. Sai a danna, a ƙirga ɗaya a zuci, sannan a yi magana, baki na nesa da na'urar kamar faɗin yatsu uku. Shi ya sa ake faɗin sunan sashe da lamba kafin kalmar umarni, domin in wani abu zai yanke, ya yanke a can.

Duk da haka, inda umarni ya zo a jere, misali ƙarar buga ƙofa, duhu, sannan kiɗan kalangu, duka cikin daƙiƙa uku, kada a dogara da ita. Manaja ya zauna a teburi ɗaya da mai fitila da mai sauti ya ba su umarni baki da baki ko da taɓa kafaɗa, ya bar oba-oba ga mataimakansa na bayan labule. In ba zai yiwu ba, a ja waya a sa ƙananan ƙwayaye biyu a gaban mai aikin, ja na shiri, kore na tafiya, makunnin yana hannun manaja. Duk mai gyaran wuta zai haɗa wannan cikin awa guda.

Kada a fita da ita aiki yadda ta fito daga kwali. Tashoshinta 16 an riga an cika su daga masana'anta, kuma kusan iri ɗaya ne a hannun kowa. Wasan da ake yi kusa da otal, ko asibiti, ko wurin biki, sai a ji masu gadin maƙwabta sun shigo layi suna maganar buɗe get. Ana gyara wannan da igiyar USB ta musamman da manhajar CHIRP, wadda kyauta ce, a kan kwamfuta. A saita guda ɗaya, a kwafa saitin a kan sauran. Abubuwan da za a taɓa ba su da yawa. A sa sautin tacewa na CTCSS iri ɗaya a duka, wanda ke hana jin baƙi, ko da yake ba ya hana baƙi jin ku, kuma ba ya hana su danne ku in suna kan zango ɗaya. A kashe VOX, wato buɗewa da jin murya, domin tafin 'yan kallo ko bugun ganga zai buɗe layi ya toshe kowa. A kashe muryar da ke faɗin lambar tasha da ƙarfi in an juya, don a tsakiyar fitowa mai shiru har layin gaba za su ji ta. A sa iyakar tsawon magana kamar daƙiƙa 60, saboda wanda ya zauna a kan maɓallinsa bai sani ba kada ya riƙe layi har a tashi. A kuma lura da tasha ta 16, wadda sau da yawa aka saita ta don laluben sauran tashoshi, ba ta zama wuri ɗaya. Game da zangon da za a zaɓa, ƙungiyar da za ta riƙa aiki da oba-oba a kai a kai ta nemi bayanin izini daga hukumomin sadarwa na ƙasa, kada a shiga layin jami'an tsaro bisa rashin sani.

Guda nawa za a saya? Ga matsakaicin wasa, takwas. Biyu na manaja, sai mai fitila, mai sauti, gefen hagu, gefen dama, mai ƙofa, da mai janareta. Tasha ta 1 ta umarnin wasa ce kaɗai. Tasha ta 2 ta ƙofa da janareta da masu tarbar baƙi, domin maganar isowar babban baƙo ko saura lita nawa na mai ba ta da hurumi a layin fitila. Abin da ya sa manaja ke riƙe biyu ke nan. A ƙara batir biyu na ajiya.

Abin kunnen da ke zuwa a kwali shi ne mafi rauni a cikin kayan. Wayarsa siririya ce, takan tsinke daga ciki daidai wuyan filogi bayan 'yan makonni, sai magana ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Ramin nasa mai ƙafa biyu ne irin na Kenwood, don haka ana samun masu kauri da za su shiga. A saya, domin a bayan labule ba a aiki da lasifikar jikin na'urar, kuma mai janareta ba zai ji komai ba in babu abin da ya toshe masa kunne. A tura filogin har ya zauna daram. In ya shiga rabi, na'urar kan iya maƙalewa a kan magana, za a ga 'yar fitilar samanta ta tsaya ja.

Mai sauti ya kula da wani abu. In aka danna oba-oba dab da mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ko kusa da na'urar karɓar makirufo maras waya, ko kan igiyoyin sauti marasa kyau, ƙara na iya fita ta lasifikan zaure. Ya ɗaura tata a ɗamara ta baya, ya ja da baya taku biyu kafin ya amsa.

Yanayin Sakkwato yana da nasa hukunci a kan batir. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana na wuce digiri 40, kuma batirin litiyom ba a so a yi masa caji in zafinsa ya haura 45. Jakar oba-obar da aka bari a but ɗin mota daga azahar zuwa la'asar ta wuce haka nesa. A shigar da su inuwa su huce kafin a ɗora a caja, a kashe su yayin caji, a ba su awa uku zuwa huɗu har fitilar mazaunin ta koma kore. Batirin da ya kumbura har murfinsa ya ƙi zama daidai, a fitar da shi daga aiki a ranar. Sabon batir yana ɗaukar gwajin yamma da wasan bayan isha'i ba tare da matsala ba, amma wanda ya sha zafin bazara biyu ba a ba shi amana, a ba mai ƙofa shi, a bar sababbi ga fitila da sauti. In da janareta za a yi caji, a bi ta sitabilaiza, domin adaftar ba ta jure hawa da saukar wuta. Akwai mazaunin caji mai USB da ke aiki da fawa-bank, ya fi dacewa da masu zuwa wasa ƙauyuka.

Da hunturu kuma ƙura ce. Ɗauki mazaunin caji ka duba 'yan ƙarafan nan da ke taɓa bayan batir, za ka ga jan gari ya kwanta a kansu. Sai a ɗora oba-oba da dare, fitila ta nuna kamar tana caji, da safe a tarar ba ta sha komai ba. Tsohon buroshin haƙori da busasshen ƙyalle sun isa, sau ɗaya a mako. Robar da ke rufe ramin abin kunne kada a cire ta. Ruwa kuwa ba ta da kariya daga gare shi ko kaɗan, don haka wasan fili a watan Agusta sai da leda a aljihu.

Wurin saye, a sayi duka a shago ɗaya rana ɗaya, domin jabu sun yi yawa kuma saitin wani kaso kan bambanta da na wani. A ɗaura eriya kafin a kunna, tunda danna maɓallin magana babu eriya na iya ƙona cikin na'urar. A gwada kowace da 'yar'uwarta, zuwa da dawowa, a kan tashoshi uku ko huɗu, ɗaya ya fita waje ya yi nisa. A girgiza wayar abin kunne ana magana. A karɓi rasit mai ɗauke da adadi. Wanda ke da hali, Motorola ta fi ta tsabtar murya da ƙwari, amma kuɗin guda ɗaya zai sayi waɗannan da yawa, kuma ita ma mutum ɗaya ke magana a lokaci guda.

Ga matashin da ke son a riƙa kiransa aiki, jakar oba-oba jari ce. Masu shirya wasan makaranta, daren al'adu, bikin yaye ɗalibai da wasan faɗakarwa suna sake neman wanda ya zo da kayansa a saite, ya raba, ya koyar, ya tattara. A manna salatif a bayan kowace a rubuta lamba, a rubuta lamba ɗaya a batirinta, a buɗe shafi a ƙarshen kundin wasa inda kowa zai sa hannu in ya karɓa da in ya mayar. Kuɗin hayar oba-oba a rubuta shi daban da kuɗin aikin manaja, a kuma rubuta tun farko wanda zai biya in guda ta ɓace ko ta faɗi ta fashe. A tattara su kafin a kunna fitilun zaure, tun masu aiki ba su watse cikin 'yan kallo ba.