Gargaɗi ga masu neman digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta: a kula da dillalan gurbin karatu

Jama'a, akwai wata talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook, musamman na waɗanda suka gama bautar ƙasa. Wai ga gurbin mastas a kimiyyar kwamfuta a Ingila, Kanada ko Jamus, karatu kyauta, ga kuɗin kashewa duk wata, ba jarrabawar Turanci ta IELTS, kuma ko da wane sakamako ka fita za a ɗauke ka. A ƙasa sai a rubuta cewa gurbi ya kusa cika, a hanzarta. Don Allah kada kowa ya tura ko sisi. Damfara ce.

Ba sa fara tambayar kuɗi mai nauyi. Kuɗin fom ne kawai, ɗan kaɗan, wanda ba za ka tsaya shawara da kowa a kansa ba. Daga nan a saka ka a wani zaure da shugabanninsa kaɗai ke iya magana, a riƙa zubo hotunan mutane riƙe da fasfo a filin jirgi. Kafin ka ankara takardar samun gurbi ta iso, har da sunanka. To a nan ake kama mutum, domin wanda ya riga ya nuna wa mahaifiyarsa takarda, an sa masa albarka, dangi sun ji, da wuya ya ja da baya. Sai kafin alƙalami na kuɗin makaranta (karatun da aka ce kyauta ne fa), sai inshorar lafiya, sai kuɗin "mutuminmu na ofishin jakadanci". Duk a asusun wani mutum, ba na jami'a ba. Ranar da ka fara matsa tambaya, ranar za a cire ka daga zauren, lambar wayar ma ta daina shiga.

Wani ɗan ƙanwata ya kawo mini irin takardar nan in taya shi murna. Tambarin jami'ar dishi-dishi, da gani daga intanet aka kwafo. Adireshin imel ɗin na Gmail ne, alhali jami'o'in Birtaniya da ac.uk suke ƙarewa. Sunan kwas ɗin ma babu shi a shafin jami'ar. Na ce, "Kai, wa ka ba kuɗi?" Ya ce, "Kawu, ai ejan ɗinsu ne na Najeriya." Muka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar, suka amsa cewa ba su da mai nema mai wannan suna. Lokacin ya riga ya sayar da babur ɗinsa.

Abin da ke sa ƙaryar ta shiga shi ne suna cuɗa ta da gaskiya. Da gaske ne akwai jami'o'in Birtaniya da ke da mastas na shekara ɗaya a kwamfuta don wanda ya karanta wani fanni daban. Da gaske ne yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta. Akwai kuma ejan na halal da jami'o'i ke hulɗa da su, amma irin waɗannan za ka tarar da sunansu a shafin jami'ar, kuma kuɗin makaranta ba ya bi ta aljihunsu. Abin da ba a sayarwa shi ne tallafin karatu. Chevening na gwamnatin Birtaniya kyauta ake nema, kai da kanka, kuma sai kana da gogewar aiki ta sa'o'i 2,800. Na gwamnatin Turkiyya ma kyauta ne. Asusun bunƙasa fasahar man fetur (PTDF) da hukumar tallafin karatu ta tarayya a fili suke sanarwa in sun buɗe. Babu dillalin da aka ware wa kujeru a cikinsu.

Takardun biza ma haka. Lambar CAS ta Birtaniya, wadda ke tabbatar da an ba ka gurbi, jami'a ce ke bayarwa, kuma sai jami'ar da ke cikin jerin masu lasisi a shafin gov.uk. Fom ɗin I-20 na neman bizar karatu a Amurka makaranta ce ke fitarwa. Jamus kuwa tana neman ka nuna kuɗin zama na shekara, Yuro 11,904 tun daga Satumban 2024, a wani kullallen asusu mai sunanka. Duk wanda ya ce ka ba shi ya ajiye maka, ka san inda ya dosa.

Wanda aka cinye wa kuɗi tun yana gida ma ya fi wani sa'a. A 2023 ɗaruruwan ɗaliban Indiya a Kanada suka fuskanci kora, bayan an gano takardun gurbin da wani ejan a birnin Jalandhar na Indiya ya ba su na bogi ne. Wasunsu sun gama karatu a wasu makarantun, sun fara aiki, sai da suka nemi izinin zama na dindindin asiri ya tonu. Tun Disambar 2023 Kanada ke tantance kowace takardar gurbi kai tsaye daga makarantar. A Birtaniya kuma takardar ƙarya kan iya jawo maka haramcin shiga har na shekara 10, kuma sunanka ne a kai, ba na ejan ba.

Akwai kashi na biyu, masu cewa ba sai ka je ko'ina ba, biya kawai, kwali zai same ka a gida. Kada a manta da binciken Umar Audu na jaridar Daily Nigerian a Disambar 2023, wanda ya samo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako 6, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Ni abin da ke ba ni mamaki ma, a fannin kwamfuta wa kwalin banza zai yi wa amfani? Wajen ɗaukar aiki matsala za a ajiye maka a ce rubuta manhajar da za ta warware ta, ana kallonka.

Mai son karatun da gaske, BUK da ABU Zariya suna yin mastas ɗin nan, mai HND ya fara da PGD, wato difloma ta share fagen mastas. Mai son na waje daga ɗakinsa, Georgia Tech ta Amurka na da shi ta intanet tun 2014, a kan ƙasa da dala 10,000, amma da karatu mai zafi da jarrabawa.

In kuwa ka riga ka biya, kada kunya ta sa ka yi shiru, kuma kada ka ƙara ko kwabo da sunan za a dawo maka da na baya. Ka je bankinka yau ɗin nan da rasit ɗin tura kuɗin, ka adana duk hirarku kafin su goge, sannan ka kai ƙara EFCC ko ofishin 'yan sanda da lambar asusun da aka ba ka.