Kare ko Maigadi: Bitar Abin da Masu Sana'ar Gadi Ke Tallatawa a Bauchi

Mai neman wanda zai tsare masa dukiya a Bauchi abu uku ake tallata masa: maigadi shi kaɗai, ko kare shi kaɗai a sake shi cikin katanga, ko kuma kare tare da mutumin da ke riƙe da shi. A ukun nan, kare shi kaɗai ne ya fi arha a baki, kuma shi ne ya fi rauni a aiki. Kare da mai riƙonsa ya fi tsada, amma shi ne ke biyan kuɗinsa a gidan gona, sito da garejin motoci. Gidan iyali da shagon kasuwa kuwa mutum suke so.

Mu fara da maigadin kamfani. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma hukumar Sibil Difens ce ke tantance kamfanonin tana sa musu ido. Saboda haka duk wanda ya ce zai turo maka mai bindiga, ko ya kasa nuna maka lasisinsa na shekarar da ake ciki, ka sallame shi tun a bakin ƙofa. Abin da kake saya a wurin maigadi ido ne da hankali da waya. Shi ne zai bambance ɗan gida da ya yi dare da baƙon da ke leƙen katanga, ya ji ƙaurin wayar wuta, ya rubuta lambar motar da ta shigo, ya kira 'yan sanda ko 'yan sintirin unguwa, ya kuma ba da shaida in an je kotu. Babu ɗaya cikin waɗannan da kare zai yi.

Inda aikin ke lalacewa lissafi ne, kuma masu dukiya ba sa son yinsa. Mako yana da awa 168. Maigadi mai aikin awa 12 na kwana shida ya rufe 72, su biyu sun rufe 144, saura awa 24 babu kowa. Wurin da ake so a tsare dare da rana mutum uku yake buƙata, na ukun ya riƙa karɓar masu hutu. Kamfanin da ya yi maka alkawarin haka da mutum biyu, to wani zai riƙa haɗa dare da rana, kuma a ƙofarka zai rama barcin. Sai batun albashi. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma ma'auni ce mai kyau: in kuɗin da kake biyan kamfani a kan mutum ɗaya bai kai haka ba, sannan kamfanin ya cire nasa, ka san abin da ke isa hannun maigadin ba zai riƙe gidansa ba. Dole ya yi acaɓa ko dako da rana. Tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, lokacin da barci ya fi nauyi, ba shi da sauran ƙarfin buɗe ido. Wannan ba lalaci ba ne, jiki ne. Ka tambayi maigadin da kansa, ba a gaban shugabansa ba, nawa yake karɓa kuma ran nawa ga wata.

Masu gida ma suna da nasu laifin. A aiki maigadi cefane, a sa shi wankin mota, a tura shi ɗauko yara, ƙofa tana nan a buɗe. A ajiye shi a rumfar da ba fitila, ba rigar sanyi a watan Disamba da Janairu, ba ta ruwa a Agusta. Mutumin da sanyin hunturu ke kaɗawa zai ƙudundune a lungu ne, ba zai zagaya ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: tocila mai haske da wata ta ajiya, usur, gora, waya mai caji da kati, da littafin shiga da fita. A kuma tsara lokacin sallar asuba da ta Juma'a da lokacin canjin aiki, domin wanda ya daɗe yana nazarin wuri waɗannan giɓin yake jira. Na dare kada ya tafi sai na safe ya sa hannu a littafi. Kamfanin kirki yana da mai duba aiki da ke zagayawa a kan babur cikin dare ba tare da sanarwa ba, kuma zai nuna maka takardar mai tsaya wa kowane ma'aikaci, da lambarsa ta NIN, da shaidar mai unguwarsa. Wannan takarda ta fi kakin da ya sa muhimmanci, domin satar da aka yi da hannun na ciki ita ce ta fi wuyar ganewa.

Kare kuma fa? Abin da ya fi mutum da shi a fili yake. Hancinsa da kunnensa sun yi wa namu nisa, yana jin motsi a bayan katanga tun maigadi bai san ana yi ba. Yana barci da yawa, awa 12 zuwa 14 a yini, amma barcin mai sauƙi ne, ƙaramin motsi ya ishe shi ya miƙe. Ba a ba shi cin hanci, ba ya tsegunta ranar da aka kawo kaya. Ga gonar kaji a hanyar Dass ko garken kiwo a hanyar Ningi, inda fili ke da faɗi kuma ba lantarki, haushinsa kaɗai yana mayar da mai ƙaramar sata baya.

Sai dai haushi kira ne, yana buƙatar mai amsawa. Kare shi kaɗai a sito da ba kowa zai yi ta haushi har ya gaji, maƙwabta kuma sun saba, ba mai fitowa. Ɓarayin da suka shirya kuwa hanyarsu sananniya ce: a jefo nama mai guba ta kan katanga tun farkon dare, a dawo bayan awa biyu. Ko a zo da karya mai neman barbara, namijin ya manta da aikinsa. Maganin na farko horo ne: a koya masa kada ya ci komai sai a kwanonsa, daga hannun mutum ɗaya ko biyu. Kafin ka karɓi kare ka gwada wannan da idonka. Ka sa wanda karen bai sani ba ya jefa tsoka daga waje, mai horon ya ɓuya. In ya haɗiye, to ba a gama horonsa ba, komai girman kansa da kaurin muryarsa.

Zaɓen iri shi ne inda aka fi asarar kuɗi. Masu sayarwa suna tura mutane ga Kokeshiyan saboda girmansa na ban tsoro, alhali karen ƙasar ƙanƙara ne mai gashi ninki biyu. A watan Maris da Afrilu zafin Bauchi yana kaiwa kusan digiri 40. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rai ake nema. Alamar ita ce haki mai tsanani, dalalar miyau mai kauri, tangaɗi, sai faɗuwa. A nan a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, a ciki da hammata, a yi masa fifita, a nufi likitan dabbobi. Rotwaila ma baƙin gashinsa na jan rana. Burbul, da yake asalinsa Afirka ta Kudu ne kuma gashinsa gajere, ya fi jurewa, amma ƙarfinsa ya fi gaban wanda bai iya riƙo ba. Jaman Shefad, wanda mutane ke kira karen 'yan sanda, ya fi kowa saurin ɗaukar horo, sai dai kaska na wahalar da shi. A ganinmu, ga mai son a tashe shi daga barci kawai, karen gida irin na mafarautanmu ko barbarar yanyawarsa da Shefad ya fi: yana jure zafi da cuta, cinsa kaɗan, kunnensa kuma ba ya baya.

Ɗakin kare ya zama aƙalla mita 2 a kan 3, daɓen siminti mai ɗan gangara domin wanki, iska na shiga ta gefe biyu, ƙofar kada ta kalli yamma. Rufin kwano tsurarsa tanda ne, a sa masa silin ko a shimfiɗa zana a sama. Kada a ɗaure shi da sarƙa yini guda: karen da ya girma a sarƙa ba jarumi yake zama ba, mafaɗaci yake zama, kuma yaron gida ne zai fara cizo. Katanga ta kai mita 2, a duba ƙasan ƙofa da magudanar ruwa, ta nan suke sulalewa.

Babban kare mai kilo 35 zuwa 40 yana cin kimanin rabin kilo na busasshen abincin buhu a rana, wato buhu mai kilo 15 a wata. Wanda zai dafa da kansa ya haɗa shinkafa ko tsakin masara da nama ko kifi ko ƙwai, tuwo zalla ba ya riƙe karen aiki. A raba sau biyu, kuma kada a cika masa ciki dab da sakinsa, domin manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu na iya murɗewa in sun yi gudu bayan ƙoshi, kuma wannan kisa yake cikin 'yan awoyi. Ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, fiye da haka da bazara. Ragowar miyar gida mai albasa da yawa tana lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. A gonar kaji kada a jefa masa mushe, yau ka ba shi matacciya, gobe ya kama mai rai. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, yana ɓata masa ciki da ƙoda.

Katin rigakafi shi ne lasisin kare. Ɗan kwikwiyo yana karɓar allurar DHLPP tun yana mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16. Ita ke kare shi daga cutar nan mai sa amai da zawo da jini, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. Ta haukan kare ana yinta yana ɗan wata uku, a sabunta duk shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Filato tana sarrafa ta. Katin ya kasance da sa hannun likita da tambarin kwalbar maganin. Maganin tsutsar ciki duk wata uku. Kaska kuwa da damina a duba kunne da tsakanin yatsu kullum. In ka ga kare ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja, cutar jini ce da kaska ta kawo. Wanke shi da maganin ƙwarin gona, kamar yadda wasu ke yi, guba ce kai tsaye. Ka haɗa duk wannan da cewa kare ba ya fara aiki sosai sai ya kai shekara ɗaya da rabi, ƙarfinsa kuma ya fara ja da baya wajen shekara takwas, sai arhar da aka faɗa maka ta ragu.

Gidan iyali a Bauchi ƙofarsa ba ta rufuwa: almajiri mai kawo kwano, mai ruwa, 'yan talla, 'yan barka da 'yan gaisuwa, yaran maƙwabta da ƙwallonsu ta faɗo. Kare bai san waɗannan ba, kuma in ya yi cizo mai shi ne zai amsa a gaban hukuma da gaban unguwa. Akwai kuma hukuncin addini, wanda mafi yawan masu gida ke tambaya kafin farashi. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, ya ce wanda ya ajiye don wanin haka ana rage masa lada kullum. Risala ta Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukanmu, ta hana ajiye shi a gidajen gari. Amma masu sharhinta sun kawo cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, daga nan wasu malamai suka halatta karen gadi in buƙata ta tabbata. Gona da garke babu saɓani a kansu. Na gida, mutum ya tambayi malaminsa, in ya ajiye kuma karen ya zama a waje, nesa da ɗakuna da kwanukan abinci.

Shago a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ba wurin kare ba ne ko kaɗan, jama'a sun yi yawa, kuma gadin haɗin gwiwa na 'yan layi ya fi sauƙi.

In an zaɓi kare da mai riƙo, yarjejeniyar ta fayyace abu huɗu: mai riƙon ya zama mutum ɗaya tsayayye, ba yau wannan gobe wancan ba, domin kare ba ya bin umarnin baƙo, wa ke biyan abinci da likita, wa zai kawo madadi in karen ya kwanta, wa ke ɗaukar nauyin wanda aka ciza. A ranar gwaji mai riƙon ya nuna cewa da kalma ɗaya karen yana saki ya dawo gefensa. Kai hari kowane mafaɗacin kare ya iya, sakin ne shaidar horo. Zagaye kuma ya zama da igiya a hannu, ba a lokaci ɗaya kullum ba.

A ajiye sabulu da jarkar ruwa a ɗakin gadi. In cizo ya faru, ko da ƙarzuna ce, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na minti 15, a sa ayodin, kada a ɗaure shi tamau ko a tsaya shafa gargajiya, a tafi asibiti ranar domin fara allura. Karen a killace shi kwana 10 ana lura da shi, kada a kashe shi a jefar, domin lafiyarsa a kwanakin nan ita ce za ta nuna wa likita ko a ci gaba da allurar. Haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, shi ya sa ba a jiran sai gobe.