Kap-kek ɗin sunan ɗiyar ƙanwata: daɗi kam akwai, amma ku ji yadda muka ƙare

Tun da aka watse daga suna mata ke damuna a waya, wai wa ta yi mana ƙananan kek ɗin nan masu hular kirim a ka, da ake ce wa kap-kek. Na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta wuri guda kowa ta karanta. Ba zan kama sunanta ba. Matar aure ce, a cikin garin Ringim take sana'arta a gida, masu hulɗa da ita sun gane wadda nake nufi. Kuɗi ma ba sai na faɗa ba, duk wadda ta sayi kiret ɗin ƙwai da kwanon suga a bana ta san inda aka kwana.

Tsakani da Allah hannunta na da kyau. Ranar da na kai mata kafin alƙalami na tarar tana aikin wata, sai ta gutsura min ɗaya da ɗuminsa. Laushi kamar auduga, ba ƙarnin ƙwai, ba ɗacin nan da ke kama harshe idan an zabga bakin foda. Na zauna a kan tabarma ina kallonta tana buga Simas da suga da muciya har suka yi fari sol, sannan ta riƙa fasa ƙwai ɗai-ɗai, ba ta juye su lokaci guda. 'Yan kofunan takardar ma ba ta cika su, sai ta bar wajen kashi ɗaya cikin uku saboda tashi. Abin gashinta na gawayi ne, ƙirar maƙera, wuta sama wuta ƙasa. Ɗanta ya miƙa hannu zai buɗe ƙofar ya leƙa, ta daka masa tsawa, ta ce in iska ta shiga tun bai kama jikinsa ba tsakiyarsa zai lotsa. Ni da iyakata gashin tukunya da yashi a gwangwanin kifi, sai na ji na zo makaranta. A raina na ce na samu wadda za ta fitar da ni kunya.

Ƙanwata ce ta yi haihuwar fari, ta zo gida wanka, ƙauyenmu na nan ƙasar Taura. Dangin mijinta 'yan birni ne, daga Kano za su zo mota biyu. Inna da Goggo tun kwana uku da haihuwa suka hau aikin alkaki da dubulan da cincin, gidan duk ya ɗau ƙamshin suya. Da na kawo maganar kek, Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, wane irin kek cikin wannan zafi? Abin da ba ya kwana ai ba kayan biki ba ne." Na ce, "Inna, zamani ne, kar su zo su ce ba mu waye ba." Ta ce to, ta ci gaba da murza alkakinta. Wannan "to" ɗin ta Inna har yau tana min yawo a kunne.

Guda 120 na ce a yi, rabi fari rabi cakulan, kirim ruwan hoda da fari, a rubuta sunan jaririya a kan kowanne. A nan ne fa gizo ke saƙar. Yarinyar sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, wato surukar ƙanwata. Kowa ya san ba mai kiran wannan suna gatsal a gidan, ga shi kuma 'yar fari ce, alkunya biyu ta haɗu. Tun ranar da aka yi mata huɗuba muka tsayar da Ummi za a riƙa ce mata. Na aika wa mai kek saƙon murya, na ce a rubuta Ummi. Cikin hira ta tambaye ni, "Anti, mene ne sunan yankan?" Na faɗa mata, don ban ɗauki abin komai ba. Saƙon yana nan a wayata, na sake saurara ya fi sau biyar, Ummi na ce.

Suna ya faɗo ranar Lahadi, 13 ga Afrilu, 2025, sati biyu cif bayan ƙaramar Sallah. Wanda ya san Jigawa a watan Afrilu ba sai an ba shi labari ba, zafi kan haura 40, ruwan randa ma ɗumi yake yi. Na ce wa mai kek ta ba ni kayan ran Asabar da yamma. Ta ce a'a, wuta ba ta zama, firjinta ya zama akwati, gara ta gasa da daddare ta yi kwalliyar kirim bayan asuba, ƙarfe tara kaya na hannuna. Maganar ta shige ni, na yarda. Abin da ni da ita duka ba mu lissafa ba, Lahadi ranar kasuwar Gujungu ce. Duk motar da ta taso daga Ringim ta nufi can a cike take maƙil, mutane da buhuna da awaki.

Aka raɗa suna da safe, aka yanka rago, wanzami ya zo ya yi aski ya tafi. Tara ta yi, shiru. Goma, na kira, tana ringin ba a ɗauka. Sha ɗaya, wayar a kashe. Baƙin Kano suka iso wajen sha biyu, aka shimfiɗa musu a ɗakin Inna, ni kuwa ina zarya tsakanin zaure da tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Sai bayan azahar, wajen biyu da rabi, ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida da wani yaro a baya, ya rungume kwalaye huɗu an ɗaure su da igiyar roba. Ƙanin mijin mai kek ne. Ya ce tun goma yake tasha, da ƙyar ya samu direban da ya yarda ya sa kwalayen a but, kusa da buhunan wani ɗan kasuwa. Daga bakin titi kuma suka hau babur, hanyarmu ga yashi ga gargada.

Kuskuren da na yi, a gaban mutane na buɗe. Ɗoki ya hana ni in shige ɗaki in duba tukuna. Na ajiye kwalin farko a tsakiyar ɗakin Inna, na ɗaga murfi. Innalillahi. Kirim ɗin ya narke ya gangaro, ruwan hoda da fari sun cakuɗe kamar an zubar da fenti, kofunan takarda sun jiƙe sharkaf da maiƙo, wasu sun kife a kan 'yan'uwansu. Murfin kwalin ya kwashe rabin kwalliyar. Na biyu ma haka. Ɗakin ya yi tsit, sai wata daga cikin baƙin ta ce, "Ayya, rana ce." Wannan "ayya" ta fi zagi ciwo.

Kwali na uku shi ne na tsakiya, zafi bai ratsa shi sosai ba, ya zo da sauran kyansa. Har na fara ajiyar zuciya. Sai wani yaron maƙwabta ɗan aji uku, irin masu son a san sun iya karatu, ya leƙo ya fara haɗa baƙi da ƙarfi. Ya karanto sunan Hajiya, surukar ƙanwata, raɗau, ga ta zaune a bakin gado da carbinta. Na duba da kyau. Ba Ummi ba ce a jiki. Sunan yanka ne, ɓaro-ɓaro da jan rubutu, a kan kek wajen 30. Mai jego ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Yaya, me kika yi haka?" Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Allah ya saka wa wata tsohuwa da alheri, taubashiyar Hajiya ce da suka zo tare. Ita ta ɗauki ɗaya ta ɗaga sama ta ce, "Yau dai Allah ya kama min ke, sai na cinye ki tas." Ɗaki ya kwashe da dariya. Hajiya ma ta murmusa ta ce a miƙo mata kishiyar tata ta ɗanɗana. Ta ci, ta ce da daɗi. Amma autarta, ƙanwar mijin, ba ta yi dariya ba. Na ji ta a tsakar gida tana ce wa wata, ko a birni ai lakabi ake sawa, sunan uwarsu ba abin rabawa yara ba ne su yar a ƙasa. Kuma gaskiyarta.

Ni da Goggo muka kwashe kwalayen zuwa madafa. Da cokalin shayi muka bi su ɗaya-ɗaya muna kankare kirim da suna, gumi na ɗiga, ƙuda na taya mu. Goggo ta ɗebo soyayyen riɗin da ta ajiye don kantu ta barbaɗa a kai, ya kama jikin maiƙon da ya rage, sai suka koma kamar gireba mai laushi. Haka aka zuba su a leda tare da alkaki da dubulan aka raba. Alkakin Inna kuwa, da aka tsoma a ruwan suga tun ran Alhamis, ko gezau, yana ta sheƙi a cikin fanteka. Inna ta wuce mu sau biyu ba ta ce uffan ba.

Na fara rubutun nan da niyyar in ce ku je wurinta, hannunta ya isa. Yanzu da nake tuno abin dalla-dalla, raina ya sake ɓaci. Rana ba laifinta ba ce, na yarda. Kasuwar Gujungu ma ba ita ta kafa ta ba. Amma mai sana'a ita ta san kayanta. Daga baya wata ƙawata da ta koyi girki a Dutse ta ce min bota tun zafi bai kai na jikin mutum ba take sakin jiki, wajen 32 zuwa 35, to ina ga but ɗin mota da tsakar rana a Afrilu? Ta ce masu yi wa na nesa aiki ko dai su sa a kula da ƙanƙara a ƙasa, ko su ba ka kek ɗin zalla da kirim daban a roba, ka matsa in ka isa, ko su faɗa maka gaskiya cewa ba zai kai ba. Ita ko ɗaya ba ta yi ba. Na gaya mata sunan ƙauyenmu, ta san ba kwalta har ƙofar gida. Kalma ɗaya ta gargaɗi da ta ishe ni. Ta karɓi kuɗin kwalliya, wanda kun san kusan shi ne rabin kuɗin, kwalliyar da muka kankare da cokali muka zuba wa kaji.

Ga kashe waya. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Ta ce caji ne ya ƙare. To maƙwabta fa? Wayar maigidan fa? Awa biyar ina tsaye ban san ko kaya sun taso ba.

Kuma tunda an zo nan bari in ƙarasa. Da muna kankarewa Goggo ta ƙirga, 114 ne, ba 120 ba. Ko yaron ne ya ji yunwa a tasha, ko can aka rage, oho. Na cakulan da na ce rabi, 24 kacal na gani. Sannan a ranar ɗaukar kaya aka ɓullo min da kuɗin kwali, wanda ba mu yi da ita ba tun farko.

Washegari na kira ta. Ban yi faɗa ba, na dai zayyana mata komai. Ta ce, "Anti, don Allah ki yi haƙuri, wallahi na ɗauka sunan yanka ya fi daraja a ranar suna, Ummi ai ko'ina akwai." Na ce, "Ke ba Bahaushiya ba ce? A gidanku kina kiran sunan uwar mijinki?" Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta kawo wannan a ranta ba. Muryarta har rawa take. Maganar mayar da kuɗi ba ta taso ba, ta dai ce in na sake yin oda za ta ƙara min 20 kyauta, kuma shidan da suka ɓace za ta bincika. Har yau ana bincike.

Abin haushin, kwana uku bayan suna na je gaida mai jego, na tarar Inna zaune da kofin shayi, ta buɗe wata samira da ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Kek ne guda biyar, cikin waɗanda muka kankare. Na karɓi ɗaya don in samu abin ƙorafi. Wallahi yana nan da laushinsa, bai bushe ba, bai yi tsami ba, cikin wannan zafin. Inna ta ce, "Yarinyar ta iya, hular ce ba ta da amfani." Daga bakin Inna wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Don haka masu tambayata, ga amsa. In a cikin garin Ringim kike, za ki aika a karɓo miki cikin minti goma, ko lokacin sanyi ne, ki saya har da kirim ɗin. In ƙauye za a kai, ki ce zalla kike so, ko da riɗi ko kwakwa a kai, ki je da ƙafarki ki ɗauko tun jajibere, kuma ki duba kalanda kar ya zama Lahadi. Abin da za a rubuta kuwa ki rubuta mata shi a takarda, kar ki yi hirar da ta wuce wannan. Ɗana zai yi saukar Alƙur'ani bayan damina, ta riga ta turo min saƙo tana tuna min da guda 20 ɗina. Na gani, ban ba ta amsa ba tukuna.

Ummin da muka sha wahalar zaɓa kuwa ba ta bi yarinyar ba. Yaran unguwa suka fara, manya suka ɗauka, yanzu har ubanta in ya kira waya daga Kano cewa yake, ina 'Yar Kek?