Sabuwar gasar futsal ta matasanmu a Jidda: abin yabo da abin gyara

Zafin Jidda da gumin da iskar teku ke jawowa sun daɗe da mayar da ƙwallon unguwa wasan dare, yanzu kuma tana ƙaura zuwa rufaffun zauruka masu na'urar sanyi. A ɗaya daga cikinsu ne wasu 'yan uwanmu Hausawa suka kafa sabuwar gasar futsal, wato ƙwallon ƙafa ta cikin zaure, wadda ta fara da 'yan ƙungiyoyin kudancin gari, yau kuwa har daga Makka samari ke cika mota bayan sallar isha'i su zo buga wasa. Ba abin mamaki ba ne, domin tun da Jidda ta karɓi gasar futsal ta ƙasashen Larabawa a 2023, wadda Maroko ta lashe, sha'awar wasan ta ƙaru.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu gasar suka riƙe dokokin wasan da gaske. Mutum biyar ne a kowane gefe har da mai tsaron raga, ana canja 'yan wasa ba iyaka, ƙwallon kuma ita ce mai lamba 4 wadda ba ta yawan tsalle, don haka dole yaro ya koyi tare ta da tafin ƙafa ya miƙa ta a ƙasa. Alƙalin wasa yana ɗaga hannu yana ƙirga daƙiƙa 4 da yatsunsa idan ƙwallo ta fita, kuma dole a dawo da ita cikin wasa kafin su cika, kuma daga keta ta shida a rabin lokaci ana ba abokan hamayya bugu daga tazarar mita 10 ba tare da katanga ba. Wannan doka kaɗai ta kashe mugun wasan da muka saba gani a filin ƙasa, har dattawa sun fara zuwa kallo da jikokinsu.

Sai dai akwai gyara. Doka ta ce minti 20 a kowane rabi, ana tsayar da agogo duk lokacin da wasa ya tsaya, amma a nan agogon yana ta gudu saboda kuɗin hayar zaure awa-awa ake biya, ƙungiyar da ke gaba sai ta riƙa jan ƙafa. Daɓen ma yana santsi idan gumi ya zuba, ba a kuma goge shi da wuri.

Kuɗin rajista ya yi wa samarin da ba su da tsayayyen aiki nauyi, kuma ina ganin 'yan kasuwarmu za su iya ɗaukar nauyin riguna da haya kafin azumi, lokacin da wasannin bayan sallar asham ke cika zauren maƙil.