Mun cire hitar gas mun koma ta lantarki, ga abin da na gani bayan hunturu guda

Jama'a masu tambayata a wasap kan aikin da muka yi a gidanmu a Kolumbus ta jihar Ohayo a Amurka, bari in amsa sau ɗaya kowa ya huta. Tsohon injin ɗumama gida na gas da muka tarar a ɗakin ƙasa ya haura shekara 20, rannan mai duba shi ya haska tocila ya nuna min tsagewa a cikinsa, ya ce ta nan iskar nan mai kisa da ba ta da wari za ta iya shigowa ɗakunan yara. Esin ma dama ta gaji. Toh sai na ce tunda biyun duk sun mutu a yi guda ɗaya, a saka famfon zafi, wanda su suke ce wa hit-fam.

Abun kamar firij ne da aka juya shi, ba ya ƙona komai, zafin da ke cikin iskar waje yake jawowa ya turo cikin gida, in bazara ta zo kuma ya juya ya zama esi. Shi ya sa wutar da ya ci yake mayar maka da zafi ninki biyu zuwa uku. Ku kula da nan dan Allah, domin kamfani na farko da na kira wai hitar waya zalla zai saka min, irin ta dutsen guga, ita ko abin da ta ci shi take bayarwa ba ƙari, da na yarda da bil ɗin wuta ya kai ni ƙasa. Ko ɗakunan bai duba ba, daga bakin ƙofa ya yanka kuɗi.

Na biyun su na ba aikin, kuma gaskiya sun burge ni, sun auna tagogi da rufi da kaurin bango suka yi lissafin girman injin da gidan ke buƙata kafin su faɗi farashi. Inda suka ɓata min rai shi ne akwatin wuta. Namu mai amp 100 ne, wato ma'aunin yawan wutar da zai iya ɗauka, sai da aka sa hannu sannan suka ce ai da hitar ko-ta-kwana da za a haɗa a ciki, hitar waya mai tashi in famfon ya kasa shi kaɗai, dole a ɗaga shi zuwa 200, kuɗi daban, ga jiran izini da mai dubawa na gari, kusan sati biyu muna kwana da ƙananan hita a ɗaki. Wannan ai tun ranar farko ya kamata su faɗa! Da yake a 2024 muka yi, na samu rangwamen harajin tarayya, kashi 30 cikin ɗari na kuɗin aikin amma bai wuce dala 2,000 ba, shi ya ɗan share min hawaye.

Yanzu zancen ɗumin kansa. Hajiyata ta zo mana ziyara daga Zariya a tsakiyar sanyi, da asuba na fito na same ta a tsugune ta ɗora hannu kan ramin iskar falo, ta ɗago ta ce "kai wannan abin naka fifita yake ko ɗumamawa?" Kuma tana da gaskiya, iskar gas tana fitowa da zafi rau kamar ka zauna gaban kasko, wannan kuwa ɗumi-ɗumi ce kusan zafin jikinka, sai dai ba ta tsayawa, a hankali take yi yini guda har ko'ina ya daidaita. Ɗakin sama da kullum yara ke kuka da shi yanzu lafiya lau. Kuskuren da na yi a watan farko shi ne rage saitin zafin injin sosai da dare kamar yadda na saba, da safe in ɗaga, ashe duk sanda na yi haka hitar ko-ta-kwana ce ke tashi tana shan wuta. Ka saita shi ka ƙyale shi kawai.

Wata rana kuma uwargida ta kira ni a wajen aiki hankali tashe wai ɓangaren injin da ke wajen gida yana hayaƙi, ashe ƙanƙarar da ta kama shi yake narkarwa, tururi ne, minti kaɗan ya wuce.

Kuɗi fa? A Janairu wallahi bil ɗin wuta ya fi abin da muke biya na gas da wuta a haɗe a da, gas yana da araha a nan. Watannin da sanyi bai yi tsanani ba da kuma bazara ne na ga sauƙi. Sannan tunda madam ta ce tuwo ba ya yi mata daɗi sai a kan gas, murhun kicin na nan, kenan muna biyan kuɗin mitar gas duk wata ko ba mu ƙona komai ba.

In injinka lafiyarsa ƙalau ni ban ce ka cire ba. In ya mutu tare da esi kamar nawa, toh saka, amma ka sa su buɗe akwatin wutar a gabanka kafin ka sa hannu. Injin na ba shi huɗu cikin biyar, kamfanin uku.